Na yi wa ɗana baki a saƙon murya, yaya zan janye shi?

Wata 'yar'uwa ce ta aiko mana da wannan wasiƙa daga Saudiyya. Mun sakaya sunanta, mun kuma taƙaita maganar.

"Gaisuwa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Dammam, shekarata uku ke nan a nan. 'Ya'yana biyu suna wajen ƙanwata a Kafanchan, mahaifinsu ya bar mu da daɗewa. A watan Janairu na aika kuɗin rajistar jarrabawar babban, mai shekara 17, sai na ji ya cinye fiye da rabi a cacar ƙwallo ta waya. Labarin ya same ni da safe, saukowata ke nan daga aikin dare. Na ɗauki waya na yi masa saƙon murya na kusan minti bakwai. Na kira shi ɓarawo, na ce jinin ubansa ne a jikinsa kuma yadda uban ya ƙare haka zai ƙare, na ce ba zai taɓa ganin alheri ba muddin ni na haife shi. Wayar ƙanwata na tura wa, ita kuma ta kunna a tsakar gida, kakarsa da ƙanwarsa duk suka ji. Daga baya na sake biyan kuɗin, ya zauna jarrabawar, ya faɗi Turanci da Lissafi. Ya daina zuwa ƙungiyar mawaƙa, ya rame, ba ya ɗaukar wayata. Wani mai kiran kansa annabi a Facebook ya ce bakina ne ya kama shi, wai in tura riyal 1,500 ya yi azumin kwana bakwai ya karya la'anar, zai kuma aiko mini da mai da wani ƙyalle. Ba ni da fasto a kusa. Da gaske na la'anci ɗana? Me zan yi?"

'Yar'uwa, alherin Ubangiji ya kasance tare da ke. Mun ji nauyin da kike ɗauke da shi, ga nisa da gida, ga rashin majami'ar da za ki shiga ki durƙusa.

Mu fara da abin da ba ya jira. Kada ki tura wa mutumin nan ko riyal ɗaya. A Ayyukan Manzanni sura 8, Saminu mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi a Samariya don ya sayi ikon ɗora hannu, Bitrus ya tsawata masa da zafi saboda ya zaci kyautar Allah da kuɗi ake samunta. Yesu kuma da ya aiki almajiransa, a Matiyu 10:8, ya ce kyauta suka samu, kyauta za su bayar. Yadda irin wannan ciniki yake tafiya sananne ne: kwana bakwai na cika sai a ce an ga wani abu mafi girma daga dangin uba, sai a nemi ƙari, kuma tunda tsoro ne ya sa kika biya na farko, tsoro zai sa ki biya na biyu. Kada ki ba shi sunan yaron ko hotonsa, kada ki tura masa saƙon muryar, don wanda ya riƙe asirin gidanki ya riƙe wuyanki. Batun mai da ƙyalle kuwa yana da wani haɗari dabam a inda kike. Sihiri babban laifi ne a Saudiyya, an taɓa yanke wa mutane hukuncin kisa a kansa, an kuma sha kama baƙi 'yan ci-rani saboda laya ko wani ƙulli da aka gani a kayansu. Mai binciken kaya ba zai tsaya bambanta man shafewa da kayan tsubbu ba. Ki toshe lambarsa yau.

Yanzu ga ainihin tambayarki. Dukanmu, Kirista da Musulmi, mun tashi muna jin cewa bakin uwa ba ya faɗuwa ƙasa. Akwai gaskiya a ciki, don Karin Magana 18:21 ya ce mutuwa da rai suna cikin ikon harshe. Amma sai a tambaya, ta wace hanya? Inda mutane suke ɓata shi ne su ɗauka kalma tana fita daga bakin uwa ta zama doka a sama, har Allah da kansa ya rasa yadda zai yi sai ya zartar. Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba. Wanda ya ce "bari haske ya kasance" haske ya kasance shi kaɗai ne. Mu halittu ne, bakinmu ba ya ɗaure hannun Mahalicci.

Ki karanta Littafin Ƙidaya daga sura 22 zuwa 24 a daren yau. Balak sarkin Mowab ya ɗauko hayar Bal'amu, mutumin da sana'arsa ke nan, don ya la'anci Isra'ila. Sau uku suna gina bagadai bakwai bakwai, suna yanka bijimai da raguna, suna sauya wurin tsayuwa ko za a dace. Duk sanda Bal'amu ya buɗe baki sai albarka ta fito, har ya ce ta yaya zai la'anci wanda Allah bai la'anta ba. Maimaitawar Shari'a 23:5 ya ba da dalilin: Ubangiji ya juyar da la'anar ta zama albarka domin yana ƙaunarsu. Idan gwanin la'ana da ladansa a hannu ya kasa, uwar da ta kwana a tsaye a kan marasa lafiya ta yi magana cikin gajiya da ɓacin rai ba za ta fi shi iko ba. Karin Magana 26:2 ya kwatanta la'anar da ba ta da dalili da gwara da tsattsewa masu shawagi, ba sa sauka. Za ki ce ai ya yi laifin, dalili ke nan. Laifinsa ya cancanci tsawatawa da biyan abin da ya ci. Bai cancanci hukuncin rashin alheri har abada ba, kuma Allah bai ba wa wata uwa wannan kujerar shari'a ba. Maganar jinin ubansa ma Ezekiyel 18:20 ya riga ya rushe ta, inda ya ce ɗa ba zai ɗauki alhakin laifin ubansa ba. A kan dukan waɗannan, Galatiyawa 3:13 ya ce Almasihu ya fanshe mu daga la'anar Shari'a da ya zama abin la'ana dominmu. Idan la'anar Shari'ar Allah kanta an biya ta a kan gicciye, ta minti bakwai a waya ba ita za ta gagara ba.

Wasu za su kawo miki Ishaku, su ce ai da ya sa wa Yakubu albarka bai iya janyewa ba ko da Isuwa ya yi kuka. Haka ne. Amma Ibraniyawa 11:20 ya ce ta wurin bangaskiya Ishaku ya yi magana a kan abubuwan da za su zo, kuma Allah ya riga ya faɗa wa Rifkatu tun yaran suna ciki cewa babban zai bauta wa ƙaramin. Annabci ne a kan alkawarin da Allah ya riga ya yi. Fushin uwa a kan kuɗin makaranta ba annabci ba ne. Labaran da suka fi kama da naki wasu ne. Rahila tana bakin mutuwa ta sa wa jaririnta suna Ben-oni, wato ɗan baƙin cikina, uban ya sauya masa suna zuwa Biliyaminu (Farawa 35:18). Uwar Yabez ta sa masa suna na wahala saboda zafin haihuwarsa, ya yi kira ga Allah, Allah ya ba shi abin da ya roƙa, ya fi 'yan'uwansa daraja (1 Tarihi 4:9-10). A Littafin Mahukunta sura 17 kuwa akwai uwar da aka sace wa azurfa 1,100, ta yi la'ana a kan ɓarawon a kunnen ɗanta Mika, ashe shi ne. Da ya amsa laifinsa, abin da ya fara fita daga bakinta shi ne roƙon Ubangiji ya sa wa ɗanta albarka. Abin da gidan ya yi da azurfar daga baya ba abin koyi ba ne, gunki suka ƙera, amma a kan wannan abu ɗaya ta gane: bakin da ya yi ɓarna shi ne yake gyara.

To, kada wannan ya sa ki ce ashe ba komai. Akwai komai, kuma babba. Maganarki ta yi aiki, sai dai a cikin zuciyar yaron ta yi shi. Ki dubi abin daga inda yake tsaye. Ubansa ya tafi. Ke kika tsaya, ke ce mutum ɗaya a duniya da yake ganin ta san shi kuma ba ta gudu ba. Sai ga muryarki tana cewa shi da wanda ya tafi duk ɗaya ne, a gaban kakarsa da ƙanwar da take ganin girmansa. Yaro mai shekara 17 bai gama sanin ko shi wane ne ba, a bakin manya yake ji. Idan uwa ta ce ka yi sata, ya san akwai abin da zai gyara. Idan ta ce kai ɓarawo ne kuma a jini yake, me ya rage ya gyara? Wanda aka ce ba zai ga alheri ba, don me zai tashi da asuba ya buɗe littafin Lissafi? Kolosiyawa 3:21 ya gargaɗi iyaye kada su matsa wa 'ya'yansu har su karai. Karaya, ita ce kalmar da ta dace da abin da kika bayyana: barin waƙa, ramewa, ƙin ɗaukar waya. Ki haɗa da watannin da hankalinsa yake kan caca maimakon karatu, faɗuwa darasi biyu ba ta bukatar wani bayani daga duniyar ruhohi.

Saƙon murya kuma ya fi faɗan tsakar gida muni. An ce magana zarar bunu ce, ba ta komawa. Amma faɗan baki da baki iska ce take ɗauke sautinsa, da yamma a ci tuwo tare, ya ga fuskarki ta sauko. Wannan kuwa yana nan a ajiye da zafinsa na ranar farko, ana iya kunna shi sau ɗari, kuma ke kina nesa, babu fuskar da za ta zo ta rage masa kaifi.

Saboda haka abin da kika yi zunubi ne, ba za mu sassauta miki sunansa ba. Yakubu 3:9-10 ya ce da harshe ɗaya muke yabon Ubangiji, da shi kuma muke zagin mutanen da aka halitta cikin kamannin Allah, ya ce bai kamata ya zama haka ba. Hanyar zunubi kuwa a buɗe take, kuma kyauta ce. Ba sai kin jira fasto ba. Ki rufe ƙofar ɗakinki, ki faɗa wa Allah jimlolin nan uku ɗaya bayan ɗaya yadda kika faɗe su, ki kira su zunubi, ki roƙi gafara, ki karanta 1 Yahaya 1:9 da muryarki. Bitrus ya yi musun Ubangiji har da rantsuwa da la'antar kansa (Markus 14:71), amma shi ne aka ce wa ya yi kiwon tumaki a Yahaya 21. Idan kin yi wannan, ki daina maimaita shi kowane dare kamar ba a ji ki ba. Uwar da take ɗauke da laifin da aka riga aka gafarta takan koma sayen yaro da kuɗi da kaya, wannan kuwa wata ɓarna ce sabuwa.

Sai kuma yaron. Yesu ya ce a Matiyu 5:23-24 wanda ya tuna ɗan'uwansa yana da wata magana a kansa ya bar baikonsa a gaban bagade ya je su shirya tukuna. Bai cire iyaye daga ciki ba. Mun sani a al'adarmu babba ba ya ba yaro haƙuri, sai dai ya kira shi ya ba shi nama a wuce wurin. Wannan karon ba zai isa ba, don da kalmomi aka yi raunin.

Ki fara da ƙanwarki. Ki kira ta ita kaɗai, kada ki ɗora mata laifin kunna saƙon, don in kika yi haka kin rasa wadda za ta taimake ki. Damar goge saƙo ga kowa a WhatsApp kamar kwana biyu ce kawai, ta wuce tuni, saboda haka sai ta goge shi da hannunta daga wayarta. Ki tambaye ta ko ta tura wa wani, musamman shi yaron, ko wani cikin dangi. Duk inda ya je a bi shi a goge. Ke ma ki goge naki.

Sa'an nan ki rubuta abin da za ki faɗa a takarda kafin ki taɓa waya. Kada ya wuce minti biyu. Ya ƙunshi abu uku: ki ambaci kalmomin da kika faɗa, ki ce ba gaskiya ba ne kin kuma janye su, ki faɗi gaskiyar da za ta maye gurbinsu. Misali: "Ɗana, Mama ce. A watan Janairu na kira ka ɓarawo, na ce za ka ƙare kamar babanka, na ce ba za ka ga alheri ba. Na yi zunubi ga Allah, na yi maka laifi. Maganganun nan ba gaskiya ba ne, na janye su duka. Kai ɗana ne, ban taɓa nadamar haihuwarka ba. Ubangiji ya sa maka albarka, ya kiyaye ka. Ka gafarta mini. Ba sai ka amsa yau ba." Ki faɗe shi da harshen da kike yi masa magana tun yana goye, ko Hausa ko yaren gidanku, ki kuma kira shi da sunan da kike kiransa in kina jin daɗinsa.

Inda irin wannan saƙo yake lalacewa kusan kullum wuri ɗaya ne, kalmar "amma". "Ka yi haƙuri, amma kai ma ka san abin da ka yi." Da zarar ta fito, yaron zai ji an sake buɗe shari'a, duk abin da ya gabata ya goge. Haka ma "in na ɓata maka rai", don ba a shakkar kin ɓata. Kada ki lissafa wahalar da kike sha a ƙasar mutane dominsa, ya sani, kuma shi ne ma abin da yake cin sa. Kada ki yi ta kuka har ya zama shi zai rarrashe ki. In kuka ya ci ƙarfinki ki tsaya, ki sha ruwa, ki sake ɗauka. Kada ki haɗa saƙon da kuɗi ko sabuwar waya ko takalmi, don zai ɗauka ana sayen bakinsa ne. Kada kuma ki wakilta fasto ko kaka su ba shi haƙuri a madadinki. Muryarki ce ta yi yankan, ita yake bukatar ji.

Tunda ba ya ɗaukar waya, saƙon murya ya fi kira, don zai saurara a lokacin da ya ga dama ba tare da an zuba masa ido ba. Ki tura masa kai tsaye in yana da waya. In ba shi da ita, ƙanwarki ta miƙa masa tata ta fita daga ɗakin. Ki lura da lokaci: agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da awa biyu, ƙarfe bakwai na safe da kike sauka daga aiki ƙarfe biyar ne na asuba a Kafanchan. Ki zaɓi ranar hutunki bayan kin yi barci, kamar shida na yamma a wajenki, huɗu a wajensu.

Bayan kwana biyu ko uku sai ki yi na biyu, gajere, don waɗanda suka ji na farko. A gaban kaka da ƙanwa aka tsiraita shi, a gabansu za a mayar masa da rigarsa. Ki ce musu abin da kika faɗa a kansa kuskure ne, kin janye, kuma ba ki yarda kowa ya sake kiransa ɓarawo ko ya haɗa shi da ubansa ba. Ki sanar da shi tukuna cewa za ki yi haka. Ƙanwarsa ma tana bukatar ji, don tun ranar take lissafin cewa in ta yi kuskure irin abin da zai same ta ke nan.

Maganar kuɗin ba ta mutu ba, amma ba ranar ba ce. Ki bar aƙalla mako biyu a tsakani. Janye la'ana dabam, ɗauke horo dabam. Afisawa 6:4 da ya hana tsokanar 'ya'ya shi ne kuma ya ce a goye su da horo da gargaɗin Ubangiji. Daga yanzu kuɗin makaranta ya tafi asusun makaranta kai tsaye, ko ta hannun ƙanwarki, a turo miki hoton rasit. Ku yi lissafin abin da ya ci, ya biya wani kashi da guminsa, ko aikin gona ne ko taya wani a shago ranar Asabar. Wannan yana mayar masa da mutunci fiye da yafewa a baki kawai, don zai ga an ɗauke shi mutumin da zai iya gyara ɓarnarsa. A tambaye shi cikin natsuwa ko akwai wanda yake bin sa bashi, saboda mai caca yakan ranta don ya ramo abin da ya rasa, kuma tsoron masu bin bashi kaɗai yana iya hana yaro ci da barci. A cire manhajar cacar daga waya, a kuma san wanda ya buɗe masa asusun, tunda bai kai shekara 18 ba. Ki nemi namiji ɗaya mai hankali a ikkilisiyarku ta gida, dattijo ko shugaban matasa ko mai koyar da mawaƙa, wanda yaron yake sakewa da shi, ya riƙa zama da shi sau ɗaya a mako. Mutum ɗaya, ba kwamiti ba, kada kuma a kai sunansa gaban taron addu'a ana bayyana laifinsa.

Jarrabawar ma ba ta rufe ƙofa ba. WAEC da NECO duka suna da zama na masu zaman kansu wajen ƙarshen shekara, kuma makarantu da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe. Darasi biyu ne suka rage masa. A nemo malamin da zai zauna da shi a kansu, awa ɗaya ko biyu sau uku a mako, da tambayoyin shekarun baya. A nan ma ki kiyayi ɗaya gefen koyarwar da ta ruɗe ki, masu cewa ki yi ta furta "ɗana ya ci, ɗana ya ci" sau ɗari kowace safiya sai ya tabbata. Tushensu ɗaya da mai karɓar riyal, duka sun mai da baki laya. Ki roƙi Allah, ki ce in Ubangiji ya yarda kamar yadda Yakubu 4:15 ya koyar, ki biya malami.

Ramewar nan ta dame mu, ke kuma ma'aikaciyar jinya ce, kin san abin da za ki tambaya. Ƙanwarki ta lura da cinsa da barcinsa, ko yana wanka, ko yana kulle kansa a ɗaki, ko akwai alamar ƙwaya ko maganin tari mai sa maye. Idan ya taɓa cewa gara ya mutu, ko ba shi da amfani a duniya, ko ya fara rabar da kayansa, kada a ce yarinta ce. A tambaye shi kai tsaye, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da na ɓera daga inda hannunsa zai kai, a kai shi asibiti a ranar. Addu'a da likita ba sa faɗa da juna.

Saura bakinki nan gaba, don wani labarin zai sake zuwa, 'ya'ya ne. Ki lura da yanayin da abin ya faru: kin kwana a tsaye, ba ki ci ba, ba ki yi barci ba, ba kowa kusa. Lokacin da Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa a 1 Sarakuna 19, abinci da ruwa da barci aka fara ba shi, magana ta zo daga baya. Ki sa wa kanki doka: babu saƙon murya zuwa gida bayan aikin dare sai kin ci kin yi barci. In labari mai zafi ya zo, ki rubuta layi ɗaya, "Na ji, za mu yi magana gobe", ki ajiye wayar. Wasu sukan kafa hujja da Afisawa 4:26, kada rana ta faɗi kuna fushe, su ce dole a amayar da komai yau. Ayar tana cewa ki sauke fushin, ba ta ce ki juye shi a kan wani kafin magariba ba. A gaban Allah ake sauke shi. WhatsApp yana ba da damar tsayar da ɗaukar murya ki saurara kafin ki tura. Ki riƙa saurara, ki tambayi kanki ko za ki yarda a kunna wannan a tsakar gida, don yanzu kin san ana kunnawa. Ki cire kalmomi uku daga faɗanki, "kullum", "har abada" da "kamar ubanka". Ki faɗi abin da aka yi, ranar da aka yi, da abin da za a gyara. Dokar nan za ta tsare ki a wurin aiki ma, don a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007, ɓata sunan wani ta waya yana iya jawo ɗaurin da ya kai shekara ɗaya ko tarar da ta kai riyal 500,000. Zabura 141:3, inda Dawuda ya roƙi a sa mai tsaro a bakinsa, gajeriya ce, za ki iya yin ta a cikin motar da take mayar da ku masauki.

Kina kuma bukatar kunnen da za ki yi wa kuka wanda ba na 'ya'yanki ba. Ko da babu majami'a a fili a inda kike, akwai waya. Ki nemi matar fastonku na gida ko wata uwa a zumuntar mata wadda ba ta da yawan baki, ku sa rana ɗaya a mako. Yawancin abin da ya zubo a kan yaron ranar nan gajiyar shekara uku ce da ba ta sami wurin zuba ba.

Daga nan sai ki riƙa tura masa saƙo ɗaya kowane mako, rana ɗaya, lokaci ɗaya, kada ya wuce minti ɗaya. Babu tambayar karatu a ciki, babu wa'azi. Ki faɗi abu ɗaya na gaskiya da kika sani game da shi, kamar yadda yake goya ƙanwarsa tana ƙarama ko wata waƙa da yake rerawa da kike tunawa, don yabon da ba shi da tushe yaro yana gane shi nan take. Ki rufe da albarkar da Allah ya ba Haruna ya riƙa sa wa jama'a a Littafin Ƙidaya 6:24-26, ki sa sunansa a ciki. Zai yiwu ya yi shiru mako huɗu ko takwas. Zai yiwu amsarsa ta farko ta zama "to" kawai, ko ma ta zo da zafi, ya faɗa miki abin da ya daɗe yana ci masa rai. In haka ta faru ki saurara har ya gama, kada ki kare kanki, ki ce kin ji. Kada ki sa ƙanwarki ta matsa masa ya amsa, kada kuma ki bar turawa don ya yi shiru. Ki duba alamar da take nuna an saurara, ta ishe ki a yanzu.

In hutunki na shekara ya kusa, ki nemi a ba ki shi a lokacin da yake gida, ki kuma maimaita maganar nan baki da baki, ku biyu, kafin a buɗe jakar tsaraba. In wata uku suka wuce babu wani motsi, ki sake rubuto mana, ki haɗa da abin da ƙanwarki ta gani game da cinsa da barcinsa da kuma abin da dattijon da yake zama da shi ya ce.